Babi na Shida: Gyaran Karkacewar Ƙafar Baya ta Mota

Darasi na 1: Duba da ido

Ka tsaya a bayan motarka, ka tsuguna, ka kalli tayoyin baya biyu. Wata tayar za ka ga kanta ya kwanta ciki, wata kuma ya buɗe waje. Wannan karkacewar ita makanikai ke kira kamba. Yawancin ƙananan motoci daga kamfani ake ɗan kwantar da kan tayar baya ciki, kamar digiri 1, don motar ta riƙe hanya a kwana. Idan ta wuce ƙima sai taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Sa tafin hannu ka shafa gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa. In ya yi sumul alhali na waje da sauran zane, akwai aiki.

Kada ka taɓa sifana tukuna. Sau da yawa laifin na lodi ne, ko sifirin da ya gaji, ko bushi (robar da ke mahaɗar ƙarafen ƙafa) da ya mutu, ko boris (abin da wili ke juyawa a kansa) mai wasa. In ɗayansu ne, shi za a canja.

Darasi na 2: Awo

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Ba abin kunya ba ne ka karanta sau uku.

Kayan aiki ba tsada: zare, noti babba, rula da salatif. Nemi fili mai siminti wanda bai gangara ba. Sauke kaya daga but. Je wurin mai faci a daidaita iskar tayoyin biyu. Motar tana ƙasa, a kan ƙafafunta huɗu, ba a kan jak ba.

Ɗaura notin a bakin zare, ka manna ɗaya bakin a jikin mota saman taya, zaren ya sauko ta tsakiyar wili ba tare da ya taɓa komai ba. Jira ya daina lilo. Auna daga zare zuwa leɓen wili na sama, ka rubuta. Auna zuwa leɓen ƙasa, ka rubuta. Leɓen ƙarfe nake nufi, ba roba ba. Ƙananan layukan rula su ne milimita, guda 10 ke yin santimita 1.

Ɗebe ƙaramin daga babban. A wili mai inci 15, wato wanda aka rubuta R15 a jikin tayarsa, bambancin milimita 7 kusan digiri 1 ne. In na sama ya fi yawa, kan taya ya kwanta ciki. Yi haka a ɗaya ɓangaren. Hagu da dama su zo kusa da juna, kada tazararsu ta wuce milimita 3 ko 4.

Na sake faɗa: ana awo ne mota tana ƙasa. Da ka ɗaga ta, ƙafa za ta rataya, lissafin ya zama ƙarya. Ko bayan ka sauke ta, kada ka auna nan take. Tura ta gaba kamar taku biyar, ka dawo da ita, ka danna bayanta sau biyu ta zauna, sannan ka rataya zare. Wani ɗalibina ya auna tana kan jak, ya juya noti har ya gamsu, wata biyu ba su cika ba sabuwar tayarsa ta fito da waya. Sauke, tura, danna, sannan awo. Rubuta wannan a bangon littafinka.

Darasi na 3: Ɗaga mota

Sa giya, ka sa waigi a tayoyin gaba. Ɗaga da jak, ka tokare da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Ban da bulo, domin yana rugujewa ba sallama. Na gaji da ganin manya masu iyali suna shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai suna cewa minti ɗaya ne. Haba! Wanda ba shi da matokari ya bar aikin, ya je gareji.

Darasi na 4: Gyaran

Wasu motocin suna da ƙusar saita kamba mai wosha wadda raminta ba a tsakiya yake ba, a hannun ƙafa na ƙasa. Yi alama da alli inda take, sassauta notin, juya ƙusar kaɗan, ɗaure. Sauke, tura, danna, sannan awo. In bai yi ba, a maimaita. Ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota yana kan tayoyi, in ba haka ba bushin zai yage.

Golf 3 ba ta da wannan ƙusar. Ana kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da gindin ƙafa a saka siririn faranti da aka ƙera don haka. Kada a yanko gwangwani. Fijo 504 a-kori-kura kuwa ƙarfen bayanta guda ne, in taya ta karkace ƙarfen ne ya lanƙwashe ko boris ya lalace.

Darasi na 5: Bayan gyara

Taɓa kamba yakan motsa saitin da ke sa taya ta fuskanci gaba sosai. Kai motar wurin masu alaimen su duba. Bayan mako guda a sake bin notuna da sifana.