Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gano Mawaƙin Tsohon Faifai

Wanda ya tsinci tsohon faifan garmaho na kiɗan folk-rock, wato kiɗan jitar nan da ya cika Amurka da Ingila daga tsakiyar shekarun 1960, yakan fara da kunne. Ya ji murya mai ɗan hanci, ya ce ai wannan Bob Dylan ne, fitaccen mawaƙin Amurka, ko wani yaronsa. A wancan zamani samari barkatai ne ke kwaikwayon Dylan, don haka kamannin murya ba hujja ba ce. Manhajar Shazam mai gane waƙa daga sautinta ma abin da aka zuba mata kaɗai ta sani. Idan ta yi shiru, a koma kan faifan kansa.

A ɗauke shi a karkata shi ga haske. Tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya akwai wani fili mai santsi, kuma a nan ake samun lambobi da haruffa da aka zana ko aka buga tun a wurin yanka faifan. Mutane da yawa ba sa ko kallon wurin. A kwafe su daidai, a haɗa da lambar da kamfani ya buga a kwali, a bincika a Discogs, shafin intanet da ke tara bayanan faifai. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa a san kamfani da shekara.

Kuskuren da ya fi ɓatar da mutane shi ne gaskata sunan da ke rubuce. Ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin taken waƙa na marubucinta ne, ba lallai na mai rerawa ba, kuma shi ma yana iya zama na aro. Labarin mawaƙi Sixto Rodriguez na birnin Detroit a Amurka ya ishe mu misali. Faifansa na farko a 1967 ya fito da sunan Rod Riguez. A kundinsa Cold Fact na 1970 kuwa, an jingina wasu waƙoƙin ga Jesus Rodriguez, sunan ɗan'uwansa. Wanda ya kama suna ɗaya ya riƙe zai yi ta lalube a duhu. A tara duk sunayen, a nemi kowanne a rumbun hukumomin haƙƙin mawaƙa irin su BMI da ASCAP.

Haka nan ƙasar da aka buga faifai ba ita ce ƙasar mawaƙi ba. Kundin Rodriguez na biyu, da aka ɗauka a Landan, an ma sauya masa suna a Afirka ta Kudu.

Sai jita-jita, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. A Afirka ta Kudu, inda waƙoƙinsa suka shiga gidaje da yawa a zamanin wariyar launin fata, an yi shekaru ana cewa ya kashe kansa a kan dandamali. Alhali a lokacin mutumin yana raye a Detroit yana aikin leburanci a wuraren gini. Da zarar an yarda mutum ya mutu, an daina nemansa ke nan. Masoyansa biyu, Stephen Segerman da Craig Bartholomew-Strydom, ba su tsaya ga jita-jitar ba. Sun saurari baitocin da kyau, aka ji an ambaci Dearborn, wani gari a gefen Detroit, sannan aka bi sunan furodusa Mike Theodore da ke jikin kwali. Mawaƙi kan ɓace, amma furodusa da makaɗan situdiyo sukan ci gaba da sana'a, kuma sun fi sauƙin samu. A 1997 'yar Rodriguez ta ga cigiyar mahaifinta a intanet ta amsa, a 1998 ya hau dandamali a Afirka ta Kudu.

Idan Allah ya sa an dace, kada a watsa adireshin mutum ko lambar wayarsa. Yawancin mawaƙan wancan zamani yanzu dattawa ne, wasu ma da gangan suka bar waƙa. A fara rubuta wa iyalinsa ko kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin, a jira amsa.