Yadda Ake Shirin Daidaita Kayan Sauti Daga Nesa

Injiniyan da ke Yamai ko Kano yana iya daidaita sautin masallaci ko zauren biki a Maradi ba tare da ya hau mota ba. Sai dai abin da makirufo ya ɗauka kaɗai yake gani, hannu da ƙafa kuwa naka ne.

Tun ana gobe, bi lasifikokin ɗaya bayan ɗaya. Cire wayar daga ampli, ka taɓa ta da batir mai volt 1.5, jar waya a kan alamar +. Fatar babbar lasifika ta yo waje. Wadda ta shige ciki an juya mata waya, kuma tana cinye bas ɗin 'yar'uwarta. Ba manhajar da za ta gyara wannan. Kada ka gwada haka a kan ƙaramar lasifikar siririn sauti, tana saurin ƙonewa. Ka busa ƙurar da ta toshe ramukan iskar ampli.

Sai kwamfuta. Saka REW, manhajar awon sauti, kyauta ce, da AnyDesk ko TeamViewer don injiniyan ya riƙe linzaminka. Makirufon awo irin UMIK-1 ta USB yake shiga, kuma kowanne da nasa fayil na gyara. Sauko da shi da lambar da ke jikin makirufon. Sa sautin kwamfutar a 48 kHz, kashe duk wani ƙarin armashi na Windows. Haɗa na'urar sarrafa sautin, ka adana tsohon saitin a filashi kafin kowa ya taɓa komai.

Tura wa injiniyan hotunan zauren da awon mita daga manyan lasifikoki zuwa na baya. Faɗa masa zafin ɗakin ma. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, amma a digiri 40, irin na watan Afrilu, ya kai 355. Jinkirin da ake sa wa lasifikokin baya don sautinsu ya zo daidai da na gaba, in da sanyin asuba aka sa shi, zai ɗan kauce da azahar, shi ya sa ya fi kyau a auna a yanayin da ake amfani da zauren.

Ranar aikin, kashe fankoki, rufe ƙofofi. Makirufo a kan sanda, ba a hannu ba, daidai kunnen mai sauraro: mita 1.2 ga mai kujera, ƙasa da haka ga mai zama a tabarma. Za a auna wurare biyar ko shida, ka sa musu alama da alli. Ampli shi ne ƙarshen kunnawa, farkon kashewa, kuma a fara da ƙaramar murya.

Wutar NIGELEC ba ta sallama in za ta tafi. Cika batirin kwamfuta, ajiye janareto nesa da bango don gurnaninsa yana shiga awon, ka tanadi layi biyu, kamar Airtel da Moov. Ku yi magana ta WhatsApp, amma kada injiniyan ya yanke hukunci da abin da ya ji ta nan, kiran yana matse sauti.