Yadda ake lika ma jirgin sama "fatar kifin shak" dan ya rage shan mai

Jama'a, ni dai tunda na gane wannan abu, in jirgi ya taso daga filin Diori Hamani nan Yamai sai na daga kai. Da can na dauka abu mai sulbi shi ya fi tsaga iska, ashe ba haka ba ne. To ga yadda ake yi.

Farko a duba fatar kifin. In ka shafa shak daga kai zuwa wutsiya sumul, in ka dawo baya kuma kaushi kamar sanfefa, saboda jikinshi cike yake da 'yan kananan hakora masu zane a tsaye, duk sun bi hanyar da ruwa ke bi. Ruwa in yana gudu jikin abu yakan yi 'yan guguwoyi kanana masu gogar jikin, to zanen nan shi ke daga su sama, sai kan tsinin kawai suke tabawa. Iska ma haka take yi, kuma wajen rabin abin da ke rike jirgin fasinja baya gogayyar iska ce da jikinshi.

Sai awo. Girman zanen da gudun jirgi yake tafiya, in ya yi girma aikin ya baci, jan da iska ke ma jirgin baya ma karuwa zai yi. Ledar mai irin zanen nan da kamfanonin Jamus Lufthansa Technik da BASF suka yi, AeroSHARK, tsayin zanenta wajen mikromita 50 ne, kusan kaurin silin gashi.

Daga nan a zana a kwamfuta ta inda iska ke bi a kowane gefe na jirgin, dan ba ko'ina take tafiya sak ba.

Sannan likawa, kuma wallahi nan ne aikin. Duk wanda ya taba tsayawa gun masu lika bakar leda a gilashin mota ya san yadda suke wanke gilashin tas, su bi da roba suna korar iska a hankali, kwayar kasa daya ta shiga sai kumburi. To haka ake wanke jirgi a lika ledar gutsure-gutsure da hannu, kowane gutsure zanenshi ya bi layin iska, in ya karkace riba ta tafi. Boeing 777-300ER na kamfanin SWISS yana cin ledar murabba'in mita 950, gangar jikin jirgin da rufin injuna, a 2022 na farko da aka lika ma ledar ya fara daukar fasinja.

Sai gwaji a sama da neman izinin hukumar jirage. Mai da ake ragewa wajen kashi 1 ne cikin 100, kar ku raina, jirgi guda yana adana tan daruruwa a shekara.

Abin da ke raina shi ne kurarmu. Lokacin hazo mota ma kwana daya ta yi fari fat, balle ramin da ido bai gani, dan haka duk injiniyanmu da zai kawo ledar nan sai ya fara gwada ta da kurar hunturu, ya san sau nawa za a rika wanki.