Kafin ku sayi kwandalar Amurka da aka sassaƙa da hannu

'Yan'uwa masu tara tsofaffin sulalla, ga shawara kan kwandalar da ake kira hobo nickel. Asalinta kwandalar senti biyar ce ta Amurka mai hoton ɓauna, wadda aka buga daga 1913 zuwa 1938. Matafiya marasa aikin yi, musamman a shekarun 1930 lokacin talaucin da ya addabi ƙasar, sukan sassaƙa fuskar mutumin da ke ɗaya gefenta da wuƙa ko ƙusa, su ƙara mata hula ko gemu, su musanya ta da abinci.

Yanzu jabu sun yi yawa. Da farko ku auna ta: wadda ba a taɓa ba giram 5 ce, sassaƙa kuwa rage mata nauyi take yi, ba ta ƙarawa. Sannan ku sa gilashin ƙara girma ku duba cikin ramukan gemun. A tsohon aiki layukan ba sa tafiya daidai wa daida, cikinsu ya yi duhu kamar sauran jikin kwandalar. Idan cikin ramin yana ƙyalli alhali waje ya dushe, kwanan nan aka yanka. Idan kun ga ƙananan ƙuraje a saman ƙarfen, narkakken ƙarfe aka zuba a mazubi aka yi ta, wato jabu ce.

Sabon aiki ba laifi ba ne, akwai gwanaye a yau, amma kada a sayar muku da shi a farashin tsoho.

Don Allah kada ku goge ta da lemun tsami ko toka, darajarta za ta faɗi. Ku riƙe ta ta gefe, ku ajiye ta inda babu laima.