Yadda Ɗan Ajin Ƙarshe Zai Zaɓi Darussan WAEC da JAMB Idan Yana Harin Babbar Jami'a

A shekarun da na yi ina taya ɗalibai cike fom a ofishin jarrabawa na makarantarmu, ba abin da ya fi ƙona min rai irin yaron da ya ci jarrabawa amma darasi ɗaya ya hana shi gurbi. Har yanzu ina tuna wani dattijo da ya zo min da takardun ɗansa a cikin leda, ya baje su a kan tebur yana cewa, "Malam, duba min, ina aibin yaron nan?" Kiredit takwas, makin JAMB mai kyau, yaro yana son karatun lauya. Na bi takardar da yatsa tun daga sama har ƙasa, babu Adabin Turanci. A aji huɗu ya ajiye shi saboda littattafan sun yi masa yawa, ba wanda ya ce masa kul. Shekara guda ta tafi a banza.

Saboda haka matakin farko shi ne ka fara daga ƙarshe ka dawo baya. Kada ka tambayi kanka darasin da ka fi iyawa tukuna. Tambayi kanka kwas ɗin da kake so da jami'ar da kake hari, ka rubuta su a takarda: kwas na farko, da na biyu wanda za ka iya haƙura da shi idan na farkon bai samu ba. Na biyun nan ya zama ɗan'uwan na farko, wato darussansu ɗaya. Mai son likitanci ya ajiye haɗa magunguna ko aikin jinya a gefe, don duk Fiziks da Kemistiri da Bayoloji suke nema.

Mataki na biyu, buɗe kundin JAMB na shekarar da kake ciki. Yana nan a shafin hukumar na intanet, a ɓangaren da ake kira IBASS, kuma da wayar hannu ma ana dubawa. Na ce na shekarar da kake ciki, don sharuɗɗa kan canja, abin da yayanka ya shiga da shi ba lallai ya yi maka aiki ba. A nan ne yawanci ake yin tuntuɓe. Kundin yana kawo sharaɗin kowane kwas na bai-ɗaya, sannan a gefe ya kawo abin da kowace jami'a ta ƙara ko ta sassauta. Ɗalibai sukan karanta na farkon su rufe. To, wancan ƙaramin rubutun na gefe shi ne mai yanke hukunci. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk na Gwamnatin Tarayya ne, amma kowacce da nata tsarin. Nemo sunan wadda kake so, ka kwafe abin da ta ce da hannunka.

Na uku, ka tsara darussan WAEC da NECO. Ana zaune takwas ne ko tara, Turanci da Lissafi na ciki ga kowa. Amma jami'a ba tara take ƙirgawa ba, biyar take dubawa, kuma biyar ɗin da suka shafi kwas ɗinka. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba sa shigar da mutum. Ga mai neman likitanci, biyar ɗin su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kada wani ya ruɗe ka cewa darasin Aikin Gona yana maye gurbin Bayoloji. A wasu kwasa-kwasan noma yana yi, a likitanci kuwa ba ya yi. Mai son injiniyanci ya riƙe Lissafi da Fiziks da Kemistiri gam. Idan makarantarku tana koyar da Lissafi mai zurfi ko zanen fasaha, ka ɗauka ko da ba a shardanta ba, za ka gode wa kanka a shekarar farko ta jami'a. Mai son akanta ya tabbata yana da Ikonomiks. Mai son lauya, ai ka ji labarin Adabin Turanci, idan kuma ɓangaren Shari'ar Musulunci kake so, duba abin da jami'ar ta ce game da Larabci da darasin Addinin Musulunci.

Ragowar uku ko huɗun fa? Ban da darussan da aka wajabta wa kowa, nan kana da 'yanci. Ni shawarata ka cike su da abin da ba zai cinye maka lokacin manyan biyar ɗin ba, amma yana iya buɗe wata ƙofa gobe. Ɗan kimiyya da ya ɗauki Ikonomiks ko Labarin Ƙasa ya bar wa kansa hanyar komawa wani fannin. Hausa ma kada ka raina ta, kiredit ce mai kyau ga wanda ya karanta littattafan da aka sa, ba wanda ya ce ai yarensa ne ya shiga ɗakin jarrabawa haka nan ba.

Sai maganar zama ɗaya ko zama biyu, wadda ta fi shafar masu harin manyan kwasa-kwasai. A ƙa'idar bai-ɗaya ana iya haɗa sakamako biyu, misali WAEC da NECO, a cike kiredit biyar. Amma jami'o'i da dama ba sa karɓar haka a likitanci, sai biyar ɗin sun fito a takarda ɗaya. Shi ya sa nake ce wa iyaye, idan da hali a biya wa yaro duka biyun, kuma ya yi rajistar darussa iri ɗaya a cikinsu. Wadda ta fi kyau ita za a miƙa. Wasu jami'o'in ma suna ba kowane matakin kiredit maki, su haɗa da na JAMB da na tantancewarsu, ka ga ke nan mai A1 da mai C6 ba ɗaya suke ba ko da duk sunansu sun ci.

Na huɗu, darussan JAMB guda huɗu. Turanci dole ne, tambaya 60, sauran ukun 40 kowanne, jimla 180 cikin awa biyu a kwamfuta, maki 400 gaba ɗaya. Likitanci: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniyanci: Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Lura da wannan bambancin, don ɗalibin da ke lilo tsakanin zama likita da zama injiniya ba zai iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba, dole ya tsayar da magana kafin ya je cibiyar rajista. Kuma don Allah kada ka bar mai buga kwamfuta a cibiyar ya zaɓa maka. Layi ya yi tsawo, rana ta take, shi so yake ya sallame ka. Je da takardarka a rubuce, ka karanta allon da idonka kafin a tura.

Na biyar, lokaci. Tun ran gini tun ran zane. Gaskiyar magana ita ce zaɓin ajin ƙarshe tun a aji huɗu aka yi rabinsa, ranar da aka raba ku zuwa kimiyya da fasaha da kasuwanci. Makarantu suna tura wa WAEC makin gwajin aji na shekarun baya, don haka cusa sabon darasi a aji shida ba abu ne mai sauƙi ba. Idan ka gano giɓi, je wurin jami'in jarrabawa a makon farko na zangon farko, kada ka jira sai an rufe rajista. Idan abin ya gagara, akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO, inda za ka iya zaune darasin da ka rasa, muddin kwas ɗinka yana karɓar zama biyu.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, duba sunanka da ranar haihuwarka. Su zama iri ɗaya a katin NIN da WAEC da JAMB. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa ka zarya zuwa ofis-ofis. Sakamako yana fitowa kuma ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a manhajar CAPS, wadda JAMB ke amfani da ita wajen ba da gurbi, don jami'a ba ta ba da gurbi ga wanda ba ta ga sakamakonsa a can ba.

Wajen zaɓen jami'ar kanta, ka san yadda ake rabon gurabe a na Tarayya: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka ƙiyasta suna baya a ilimin boko. Kujerun likitanci kuma ƙididdigaggu ne, hukumar likitoci ta ƙasa ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Don haka wadda ka fi so ita za ka sa a zaɓin farko, manyan jami'o'i ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su a na biyu ba.

Wanda duk da haka bai samu ba, akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ke shigar da mutum aji biyu na jami'a kai tsaye idan makinsa ya kai. Can ma darussa uku za ka zaɓa, kuma sai sun dace da kwas ɗin da ka rubuta a takardar nan tun farko.