Darasi na bakwai: Sulallan azurfa ko sandar azurfa, wanne mafari zai saya?

Wanda ya sayar da gero ko tunkiya ya samu ɗan rara, yakan so ya mai da kuɗin wani abu da ba ya ci, ba ya sha, gara kuma ba ta taɓa shi. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, kuɗin da ke hannun mutane ya rasa rabin ƙarfinsa dare ɗaya. Shi ya sa wasu ke ajiyar zinariya, wasu kuma, da yake aljihunsu bai kai can ba, sai su nufi azurfa.

Azurfar ajiya iri biyu ce. Akwai sanda, wato azurfar da aka narka aka zuba, aka buga mata nauyi da lambar tsabta. Akwai kuma sulalla, wato kuɗin azurfa masu hoto da shekara, tsofaffi da sababbi. Kafin mu zaɓa, sai mun iya karanta abin da ke jikinsu.

Lambobin da ke jikin azurfa

In kun ga 999, ana nufin cikin kashi 1,000, kashi 999 azurfa ce. In kun ga 925, kashi 75 wani ƙarfe ne, galibi jan ƙarfe. Haka 900, haka 800. Nauyi kuwa da giram ake awonsa. A kasuwar duniya ana faɗin farashi da oza, oza ɗaya giram 31.1 ce. Ku rubuta wannan a littafinku, za mu yi lissafi da shi.

Sanda ba ta da wani dogon bayani. In an rubuta giram 100 da 999, to azurfar giram 100 kuke saye, sai ɗan ƙarin kuɗin aiki da ribar mai sayarwa. Sanda babba ta fi araha a kowane giram, amma ba ta gutsuruwa. Ranar da kuke neman kuɗin magani, ba za ku yanki kusurwar sandar kilo ɗaya ba. Mafari ya fi dacewa da ƙanana, masu giram 50 ko 100.

Sule kuwa farashi biyu gare shi a haɗe: kuɗin azurfar da ke cikinsa, da kuɗin sha'awa. A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin kuɗi, suna biyan ninkin-ba-ninkin saboda ƙarancin sule, ko shekararsa, ko don hotonsa bai goge ba. Suna da littattafan farashi da wuraren gwanjo da ƙwararrun da ke duba sule da madubi. Tambayar ita ce: nan Damagaram, ranar da kuka tashi sayarwa, wa zai biya ku kuɗin sha'awa? Wanda za ku tarar maƙerin farfaru ne ko ɗan kasuwa, shi kuwa sikeli zai ɗauko.

Dalar da kakanninmu suka sani

Mu tsaya a nan, don nan ne ake yawan cutar mutane. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke zuwa daga Tarabulus ta Agadas, tun kafin Faransawa su shigo a 1899, mutanen ƙasar nan sun san dalar azurfa mai hoton wata sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Maƙera sun narka ta sun yi mundaye da zobba, mata sun rataya ta a wuya. Nauyinta giram 28, tsabtarta 833, ke nan azurfar da ke cikinta giram 23.4 ce.

A jikinta akwai shekarar 1780. Mai sayarwa zai nuna muku ita da yatsa, ya ce ta haura shekara 240. A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma duk dalar da aka buga bayan nan wannan shekarar aka ci gaba da sa mata, don fatake ba sa karɓar wata. An buga ta a Landan, an buga ta a Paris da Rum da Bombay, har yanzu ma ana buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ɗaruruwan miliyoyi ne. Saboda haka 1780 ba shaidar tsufa ba ce. Wadda kuma aka huda, ko aka liƙa mata kunne don ratayawa, ko aka goge da toka har ta yi ƙyalli, masu tarawa ba sa so.

Ban ce dala ba ta da kyau ba. Ni ina ganin ta fi sulallan zamani irin su Eagle na Amurka da Maple Leaf na Kanada amfani a wajenmu, don kowane tsohon maƙeri ya san ta da ido da kunne. Amma a saye ta da kuɗin giram 23.4. Haka tsohon kuɗin Faransa na faran 5, babban nan: giram 25 ne, tsabta 900, azurfarsa giram 22.5.

Karatu

Mutum biyu su tashi su karanta, ɗaya mai saye, ɗaya maƙeri.

"Salamu alaikum, Baba, barka da aiki. An kawo mini wannan dala, an ce jikka 35, wato sefa 35,000."

"Yawwa, ɗana, miƙo ta nan. Ka ji ƙararta? Azurfa ce. Bari mu ɗora a sikeli. Giram 28 cif."

"To Baba, in na dawo da ita baɗi, nawa za ka ba ni?"

"Kuɗin azurfarta na ranar, in cire ɗan abin da zan ci. Hoton ba ya shiga sikeli."

Tambayar da yaron nan ya yi, ita za ku riƙa yi wa duk mai sayarwa kafin ku ciro kuɗi: in na dawo da ita, nawa za ka saya? Tazarar da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa ita ce asararku ta ranar farko. A sanda tazarar ƙarama ce, a sulen sha'awa tana da faɗi.

Gwaji

Sanda ma ana yin ta jabu, a shafe jan ƙarfe da ruwan azurfa a buga 999. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, don haka in ya kama, ku ajiye ku tafi. Amma rashin kamawa bai isa shaida ba, tunda jan ƙarfe da dalma su ma ba ya kama su. A auna nauyi, a gwada faɗi da kauri da wata ta gaske, sannan maƙerin da kuka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya zaɓa ba, ya goga ta a dutse ya ɗiga ruwan gwaji. Curin da aka narka a gida ba lamba ba hatimi, kada ku saye shi sai an gwada har cikinsa. Ku karɓi takarda mai nauyi da tsabta da farashi da kwanan wata, tunda yanzu kun iya karanta ta.

Kada kuma wani ya ce muku azurfa ba ta faɗuwa. A 1980 oza ta kusa dalar Amurka 50, ta rikito. A 2011 ta sake kusantar 50, kafin ƙarshen 2015 ta koma wajen 14. Kuɗin taki ko na abincin gida ba na sayen azurfa ba ne.

Malamai sun ce cinikin azurfa hannu da hannu ne, ba a yin sa bashi. Nisabin zakkarta dirhami 200, kimanin giram 595. In ta kai haka ta kuma shekara, ana fitar da ɗaya cikin 40. Sauran bayani ku nemi malamin unguwarku.

Lissafi

Farashin nan na koyo ne kawai, na gaskiya sai kun tambaya a kasuwa. Mu ɗauka giram ɗaya jikka ɗaya ne, wato sefa 1,000. Azurfar dala ɗaya ta kama 23,400. Mai sayarwa ya ce 35,000. Nawa ne kuɗin sha'awar da ya ɗora? Da 35,000 ɗin nan, giram nawa na sanda za ku samu in ana ƙara sefa 100 a kan kowane giram?

Wata hajiya tana da sanda 6, kowace giram 100, sun shekara a akwatinta. Giram nawa za ta fitar zakka? Ku yi a gida, ku zo da amsa a zama mai zuwa. Wadda take da tsohuwar dala ta gado ta zo da ita, za mu aro sikeli mu auna a aji.