Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Tankin Ruwan Gishiri Domin Kiwon Jatan Lande na Ado

Jatan landen teku da ake kiwo domin ado ba ya buƙatar wuri mai faɗi, tankin gilashi mai cin lita 40 zuwa 60 ya ishe shi zama, sai dai kuma daga ƙanƙantar tankin wahalar take fitowa. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin ƙafewa, kuma ɗan abincin da ya ruɓe a cikinsa yana iya gurɓata shi cikin yini guda. Jatan lande kuwa bai kai kifi juriya ba idan yanayin ruwa ya sauya farat ɗaya, musamman yawan gishirin da ke cikinsa. Don haka manufar dukkan aikin ita ce ruwan ya tsaya a hali guda, dare da rana, mako bayan mako.

Kafin a sayi komai, wajibi ne a warware batun zafi da wutar lantarki. Waɗannan halittu suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan ya doshi 30 iskar da suke shaƙa a cikin ruwan tana raguwa, su galabaita. Wanda yake zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara yake haura digiri 40, dole ya ajiye tankin a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, ya kuma sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, ko ya sayi na'urar sanyaya ruwa idan yana da hali. A lokacin hunturu kuma sai a koma ga ƙaramar hita mai kashe kanta idan ruwa ya kai ɗumin da aka saita. Injin da yake motsa ruwa bai kamata ya tsaya na sa'o'i masu yawa ba, shi ya sa nake ganin wanda ba shi da inbata ko sola, ko aƙalla famfon iska mai aiki da batir, gara ya dakata da jatan landen teku tukuna. Akwai mafita ga irin wannan mutum, wato ɗan jan jatan landen tsibiran Hawai da ake kira opae ula, wanda yake rayuwa a ruwan da gishirinsa yake kusan rabin na teku, ba ya buƙatar injin tace ruwa, yana cin gansakukar da ta fito a jikin duwatsu, kuma yana iya wuce shekara goma a raye.

A ɗora tankin a kan teburi mai ƙarfi wanda bai karkata ba, domin lita 40 na ruwa haɗe da yashi da duwatsu sun haura kilo 50. A tanadi murfi, da fitila mai matsakaicin haske, da ma'aunin zafi, da ƙaramin injin motsa ruwa wanda za a rufe bakin da yake zuƙo ruwa da soso, kada ya tsotse ƙananan jatan lande.

Batun ruwa shi ne inda ba a yin rowa. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna ɗauke da ma'adinan da ba a san adadinsu ba, don haka abin da ya dace shi ne ruwan da aka tace da na'urar RO, wato matatar da take cire kusan duk ma'adinan da ke cikin ruwa, ko wanda aka samu ta hanyar tara tururi. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki ko kaɗan, saboda ruwan teku yana da sinadaran kalsiyam da maganiziyam da wasu da dama waɗanda jatan lande yake gina ɓawonsa da su. Ana amfani da gishirin da aka haɗa musamman domin tankin teku, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. A fara zuba ruwan a cikin bokitin roba mai tsabta wanda bai taɓa ganin sabulu ba, sannan a riƙa barbaɗa gishirin a hankali ana juyawa, a bar injin yana motsa shi har kwana ɗaya. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wanda a na'urar awon gishiri yake bayyana a matsayin 1.026, wato nauyin ruwan idan aka kwatanta shi da ruwa marar gishiri, kuma ko'ina tsakanin 1.023 da 1.026 ya yi, matuƙar an tsaya a lamba ɗaya. Na'urar rifaraktomita, wadda ake ɗiga mata ruwa a duba ta cikin haske, ta fi na'urar awon gishiri ta roba mai allura faɗin gaskiya, kuma kuɗinta bai kai asarar jatan lande guda biyu ba.

A shimfiɗa yashin aragonayit, wato yashin teku mai sinadarin kalsiyam, ya kai kaurin santimita 2 zuwa 3, a jera duwatsun teku masu ramuka, kimanin kilo ɗaya ga kowace lita 10, a yi su da koguna da lunguna inda dabbar za ta ɓuya. Duwatsun su zauna daram a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashin kewaye da su, domin kada su zame daga baya.

Daga nan sai jira, kuma a nan ne galibin masu farawa suke yin asara. Kashin jatan lande da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce mai kisa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a jikin duwatsu da yashi, rukuni na farko yana mayar da amoniya zuwa naitarayit, wanda shi ma guba ne, rukuni na biyu kuma yana mayar da naitarayit zuwa naitaret, wanda cutarwarsa ba ta da yawa. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, don haka sai an raine su tun babu wata dabba a ciki. Ana jefa ɗan abincin kifi a bar shi ya ruɓe, ko a ɗiga amoniyar da ake sayarwa domin wannan aiki, sannan a riƙa gwada ruwan da kayan gwaji sau biyu a mako. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitarayit ya biyo bayanta shi ma ya hau ya sauka, a ƙarshe naitaret ya bayyana. Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma ba a saka jatan lande sai amoniya da naitarayit duka sun koma sifili sun zauna a haka na kwanaki. Idan wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi a wannan lokaci, kada hankali ya tashi, gansakuka ce da take fitowa a kowane sabon tanki, kuma takan ragu da kanta.

Wajen zaɓen irin da za a saka, wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne Lysmata amboinensis, mai jan gadon baya da farin layi a tsakiya, wanda ake samu a tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Yana kai santimita 5 zuwa 6, kuma a teku aikinsa shi ne tsince ƙwari da matacciyar fata daga jikin kifaye, shi ya sa idan ya saba yakan hau hannun mai kiwonsa. Kowane baligi a cikinsu yana ɗauke da halittar namiji da ta mace, don haka duk biyun da aka haɗa suna zama ma'aurata. Kada a wuce biyu a ƙaramin tanki, domin idan sun fi haka sukan kashe juna har sai biyu sun rage. Wanda yake son ganin garke sai ya nemi Thor amboinensis, wanda bai kai santimita 2 ba, ana iya ajiye biyar ko shida tare. Shawarata ita ce a bar kifi gaba ɗaya a watannin farko, domin da yawa daga kifayen teku na ado jatan lande abincinsu ne.

Ranar da aka kawo su, kada a juye ledar kai tsaye. A fara ɗora ta a saman ruwan tanki na minti 15 domin ɗuminsu ya daidaita, sannan a zuba su da ruwansu a cikin ƙaramin bokiti, a jawo ruwan tanki ta siririn tiyo da aka ɗaure shi ya riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya na kimanin awa guda, har ruwan bokitin ya ninka sau biyu ko uku. Bayan haka a ɗebe su da kofi a saka, a zubar da ruwan bokitin, a kashe fitila har washegari.

Abu mafi muhimmanci a kulawar yau da kullum shi ne cike gurbin ruwan da ya ƙafe. Ruwa ne kawai yake tashi ya bar gishiri a ƙasa, saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikowa. A yi alama a jikin gilashin, a riƙa mayar da ruwan kan alamar kowace rana, musamman da hunturu ko idan fanka tana aiki. Kowane mako kuma a kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan, a mayar da sabon ruwan gishiri mai ɗumi da awo iri ɗaya da na tankin. Abinci kuwa ɗan kaɗan ne, gwargwadon abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, sau ɗaya a rana ko bayan kwana biyu.

Akwai guba iri biyu da suke shafe tanki cikin dare ɗaya. Ta farko ita ce jan ƙarfe, wanda yake cikin magungunan kifi da yawa da kuma tsofaffin bututun ruwa. Ta biyu ita ce maganin sauro, na fesawa da na ƙonawa, domin jatan lande dangin ƙwari ne, abin da yake kashe sauro yana kashe shi. Ɗakin da tankin yake ba a fesa masa magani, a yi amfani da gidan sauro, kuma a ɗauraye hannu daga mai da turare da sabulu kafin a tsoma shi a ruwan.

Bayan 'yan makonni za a wayi gari a ga kamar gawar jatan lande kwance a kan yashi, fara fat, babu komai a cikinta. Saɓa ce ya yi, kamar yadda maciji yake yi, kuma zai ɓuya a cikin duwatsu na kwana ɗaya ko biyu har sabon ɓawonsa ya yi tauri. A wannan lokaci kada a ɗaga duwatsu ana nemansa, kada kuma a canza ruwa mai yawa, a bar shi ya fito da kansa idan ya ji ƙamshin abinci.